Shekarar da Aka Sa Rai da Tsawona

Ranar da na fara shiga makarantar horar da malamai a Makka, ban kai ga ofishin da ake rubuta sunayen sababbin ɗalibai ba wani mutum ya tare ni a bakin ƙofa. Bamasare ne, kakkaura, da usur rataye a wuya, ga wando da riga irin na Turawa a garin da kowa ke sa jallabiya. Bai tambayi sunana ba. Ya kama hannuna ya ja ni gindin bango, ya ce in miƙe sosai, in ɗaga hannu iyakar iyawata. Na ɗaga. Ya ciro alli daga aljihu, ya hau kan wani dutse, ya ja layi inda yatsuna suka tsaya. Ya sauko ya ja da baya, ya dubi layin ya dube ni, kamar mai taya raƙumi a kasuwa. Sannan ya ce in zo fili bayan La'asar, kada in makara. Daga baya na ji cewa shi ne malamin wasanni. Ustaz kawai muke ce masa.

Shekarata goma sha takwas a lokacin. Shekarun nan ne da aka fara rushe gidajen da ke kewaye da Harami don a faɗaɗa shi, alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai a lissafin Miladiyya. Garin duk a tsaye yake, ko'ina ƙarar guduma da manyan motoci, kowa na maganar inda za a mayar da shi. Mu muna unguwar Misfala, rusau bai iso mu ba, amma ba wanda ya san gobe.

Tsawo gadon gidanmu ne. Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano, ya zo aikin hajji bai koma ba. Babana a nan aka haife shi, kuma a ƙuruciyarsa yana cikin masu ɗaukar shibriyya, gadon katakon nan da ake ɗora tsofaffin alhazai a yi musu ɗawafi a ka. Da ciwon wuya ya hana shi, sai ya buɗe ɗan shago yana sayar da carbi da darduma da turare. Ni na ɗara shi tsawo tun ina ɗan sha shida. Ban taɓa ganin amfanin abin ba. Kullum goshina a jikin ƙofa, kullum sahun baya a aji, in na yi laifi cikin yara goma ni kaɗai ake ganewa. Sai ga shi ran nan wani ya dubi tsawon kamar dukiya.

Filin yana bayan azuzuwa. Ƙasa ce aka daddaɓe, aka ja layuka da farar ƙasa, aka kafa ginshiƙi a kowane gefe da allon katako, da zoben ƙarfe wanda wani maƙeri ya lanƙwasa. Ƙwallo biyu gare mu, na fata, ɗaya ma ya fara tsagewa a wajen ɗinki. Ustaz ya bayyana mana wasan: mutum biyar a kowane ɓangare, ba a gudu da ƙwallo a hannu sai ana buga shi a ƙasa, ba a ture abokin hamayya, a jefa cikin zobe a ci maki. Mu ƙwallon ƙafa muka sani, wanda muke yi da tsumma a lungu. Wannan kuwa ƙwallon kwando, ban taɓa ko jin sunansa ba.

Manyan ɗalibai suka kewaye ni. Ashe bara wata makaranta daga Jidda ta zo ta lallasa su a wannan filin, kuma abin da ya kashe su shi ne 'yan Jidda suna da wani dogo da ba mai iya taɓa ƙwallo in ya ɗaga shi. Tun ranar Ustaz yake neman nasa dogon. Ya tsayar da ni a ƙarƙashin zobe, ya miƙo mini ƙwallo, ya ce in sa. Na ɗan yi tsalle na sa, ya shiga. Aka yi ta tafi. Ya dafa ni ya ce wa sauran, bana Jidda za ta san ta zo Makka.

Kafin mako guda magana ta kai Misfala. Ban san wanda ya kai ta ba. A gahawar da ke kusurwar layinmu, inda dattawa ke zama kan gadajen igiya suna shan shayi, aka fara tsayar da ni ana tambaya. Yawancinsu ba su san yadda wasan yake ba, abin da suka riƙe shi ne an zaɓi ɗan Misfala, ɗan Takari, jikan mutanen ƙasar Hausa, a gaban 'ya'yan manyan gari. Mai gasa tsiren bakin masallaci ya riƙa ƙara mini tsinke guda, wai don ƙarfi. Babana bai ce komai ba sai da ya ga wandon wasan da aka ba ni. Ya juya shi, ya auna da tafin hannu, ya miƙa wa mahaifiyata ya ce ta ƙara masa ƙyalle ya rufe gwiwa. Shi ke nan abin da ya ce.

Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi. Na fara tafiya a miƙe, ni da kullum nake ranƙwafawa don in yi daidai da mutane.

A cikin sababbin ɗaliban shekararmu akwai wani gajere, baƙi, mai faɗin kafaɗa. Iyayensa mutanen ƙasar Sakkwato ne, amma shi a hanya aka haife shi, ya tashi a Sudan inda suka zauna suna aikin auduga, a can ya yi karatu. Ba su daɗe da ƙetaro teku ba, suna zaune a unguwar Tandabawi. Larabcinsa na Sudan ne, in ya buɗe baki a aji sai an yi murmushi. A raina Basakkwace nake ce masa, ko da yake bai taɓa ganin Sakkwato ba. Rana ta uku da buɗe makaranta, ina tsaye cikin 'yan ajinmu a tsakar gida, ya nufo ni da fara'a ya miƙo hannu.

"Ɗan'uwa, an ce mini kai ma namu na. Ɗan wane gida?"

Da Hausa ya yi maganar, da ƙarfi, kowa na ji. Ni kuwa Hausa a gida na bar ta. Da ita nake gaida kakata, da ita mahaifiyata ke yi mini faɗa, amma tun ina firamare na koyi cewa in na fito layi in ninke ta in ajiye. Ba wanda ya hana ni. Kawai dai na ga yadda fuskokin yara ke sauyawa in sun ji ta, na kuma gaji da kalmar Takaruni in ta fito daga bakin wanda ba namu ba. Sai na amsa masa da Larabcin Makka, a gajarce, na juya na ci gaba da hirata. Ya tsaya kaɗan, ya mayar da hannunsa, ya wuce.

Shi ma ya zo fili. Ustaz ya dube shi sama da ƙasa ya ce masa ya gwada tsere, wannan wasan na dogaye ne. Ya ce to, amma bai tafi ba. Da yake sau da yawa ba ma cika goma, sai a sa shi a cike gurbi a ɓangaren da ake gwada mu da su. Haka ya shiga, ba wanda ya gayyace shi, ba wanda ya kore shi.

Matsalata ta fara bayyana tun a mako na biyu. In ina tsaye ni kaɗai a ƙarƙashin zobe, ba mai taɓa ni, ina sakawa. Amma da an busa usur mutane sun fara gudu, sai komai ya rikice mini. A jefo mini ƙwallo ya zame daga hannuna, ko ya bugi ƙirjina ya koma. In na cafe, sai ƙafafuna su yi gaba kafin in tuna da bugawa a ƙasa, usur ya tashi. In wani ya matso jikina sai in ja baya in ba shi hanya, kamar yadda na saba yi wa mutane a kasuwa tun ina yaro don kada a ce dogon nan ya ture ni. Ustaz ya yi haƙuri da farko. Yakan ce kowa da haka ya fara. Ya ware ni gefe yana jefo mini ƙwallo sau hamsin, sau ɗari, har hannuwana su yi zafi. A wata na biyu ya fara tsawa. A na uku ya daina tsawar, sai dai ya juya baya ya dubi dutsen da ke bayan makaranta, ya daɗe yana kallo. Wannan ya fi tsawar ciwo.

Zama ya gagare ni. In an tashi daga fili ba na iya wucewa gida kai tsaye, saboda gahawar nan da tambayoyinta. Sai in zaga ta wata hanya, in bi ta inda ake rusau, in tsaya ina kallon yadda ake ciro tagogin katako daga tsofaffin gidaje ana jibgewa, in wuce kasuwa ba abin da zan saya, in hau wani tudu in sauko, in shiga Harami in yi Magariba, in fito in rasa inda zan nufa. Abinci ya daina shiga. Mahaifiyata ta zaci zazzaɓi ne ta jiƙa mini tazargade. A lokacin samari da yawa na tafiya gabas aikin kamfanin mai, har da ɗan ƙanen babana. Na riƙa raya wa kaina cewa can ba wanda ya taɓa auna ni a jikin bango.

Shi kuwa Basakkwacen, ba wanda ya lura da ranar da ya iya. Mun dai wayi gari manyan ɗalibai ba sa son ya tsare su. Yana ƙasa-ƙasa kamar mai neman abin da ya faɗi, kafin ka ankara ya zare ƙwallo daga hannunka ya yi gaba. Ba ya tsoron karo, in aka ture shi ya faɗi sai ya tashi yana kakkaɓe ƙasa yana dariya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda yake sanin inda kowa zai je kafin ya je. Yakan jefa ƙwallo wurin da ba kowa, sai ka ga mutum ya iso daidai. Jifansa cikin zobe ba kyan gani, daga ƙirji yake tura shi da hannu biyu, amma yana shiga. Ustaz ya ɗauki lokaci kafin ya yarda da abin da idonsa ke gani. Ya riga ya sa ransa a kaina, ya faɗa a gaban shugaban makaranta da malamai, janyewa ta yi masa wuya.

Wata Alhamis bayan an tashi, Basakkwacen ya biyo ni har waje. Wannan karon ya jira sai da ba kowa kusa, sannan ya yi mini Hausa. Ya ce in ina so in zo gidansu gobe da hantsi kafin Juma'a, yana da inda yake gwaji. Na so in ƙi, amma a lokacin ko wa ya ce yana da magani zan bi shi.

Gidan nasu ɗakuna biyu ne na kwano da katakon akwati a gefen dutse. A baya ya ɗaure bakin wata tsohuwar garwa da aka cire wa gindi a jikin sanda. Ƙwallonsa na tsumma ne da aka naɗe da igiya, ba ya tashi in an buga shi a ƙasa, jifa da cafewa kawai yake yi da shi. Mahaifiyarsa ta fito ta gaishe ni, ta tambayi iyayena da kakannina har ta gano wata tsohuwa da muka haɗa sani, ta kawo mana fura a ƙwarya. Rabon da in sha fura irin wannan tun rasuwar yayar kakata. Na amsa mata da Hausata mai gauraye da Larabci, ba ta nuna ta ji wani abu ba.

Muka fara. Ya jefo, na cafe. Ya jefo da ƙarfi, ya zame. Ya sake, ya sake, yana matsowa yana kallon fuskata ba hannuna ba. Can ya riƙe ƙwallon ya tsaya.

"Idonka kaka rufewa," ya ce. "In ya taho da ƙarfi sai ka runtse. Ustaz hannunka yaka kallo, shi ya sa bai gani ba."

Na ce ƙarya ne. Ya ce to mu sake, in lura. Muka sake, na kuwa ji da kaina lokacin da idon ya rufe. Gaskiya ya faɗa, kuma da na tsaya a ranar wataƙila da an sami gyara. Amma abin da ya cika mini ciki shi ne wai wannan, wanda Ustaz ya ce ya je tsere, shi ne zai gaya mini aibina, a bayan ɗakin kwano, da ƙwallon tsumma. Na ce lokacin masallaci ya yi. Ya ce da saura. Na sa takalmina na tafi, ban ko yi wa mahaifiyarsa sallama ba. Juma'ar da ta biyo ya jira ni, ban je ba.

'Yan Jidda suka zo a cikin sanyi, a bayan babbar mota, da rigunansu iri ɗaya. An share fili an sake ja masa farar ƙasa, an jera kujeru don malamai, ɗalibai sun cika gefe har kan katanga. Mutanen Misfala sun zo su kusan ashirin, har da mai tsire, sun tsaya waje guda. A bayansu na hango babana. Bai ce mini zai zo ba. Ya rufe shago da rana tsaka, abin da ban taɓa ganin ya yi ba sai ranar jana'iza.

Ustaz ya sa ni cikin biyar na farko, Basakkwacen yana benci. Dogon Jidda ya zo ya tsaya kusa da ni, sai na ga ashe na fi shi da kusan yatsa uku. Na ji 'yan makarantarmu suna murna da wannan. Murnar ba ta daɗe ba. Ya san inda zai sa ƙafarsa, ya san yadda zai jingina da ni ba tare da an busa masa ba, ni kuwa ina ta ba shi hanya. Sau biyu aka busa mini don na yi tafiya da ƙwallo. Sau ɗaya na samu kaina ni kaɗai a ƙarƙashin zobe, abin da nake sakawa ko da barci nake, na jefa ya bugi ƙarfe ya dawo. Suka yi mana nisa. Kafin hutun rabin lokaci Ustaz ya fitar da wani babban ɗalibi da ya gaji, ya sa Basakkwacen, don ba shi da wani.

Wasan ya sauya nan take. Ya ƙwace ƙwallo daga hannun mai raba musu ƙwallo ya tafi ya saka. Ya sake ƙwacewa ya ba wani ya saka. 'Yan Jidda suka fara waige-waige. Bayan hutu ya zo kusa da ni ya ce a hankali zai riƙa yi mini magana da Hausa, don su ba sa ji, in ya ce "juyo" in juyo hannu a buɗe, ido a buɗe.

Ba a jima ba ya kutsa tsakiyarsu, mutum uku suka rufe shi har da dogon, ni na rage ba mai tsaro na. Na ji muryarsa sarai.

"Juyo, ɗan'uwa. Juyo."

Fili ya yi tsit a daidai lokacin, ko kuwa ni na ji kamar ya yi. Duk makaranta na kallo, malamai na kallo, shugaba na kallo. Na san abin da ya ce, na san abin da ya kamata in yi. Amma wani abu a cikina ya ƙi yarda a ga an kira ni da wannan harshe na amsa. Daƙiƙa ɗaya ce, ko ba ta kai ba. Na tsaya kamar ba da ni ake ba, kafin in juyo ƙwallon ya riga ya taho, ya same ni a gefen fuska ya fita waje. Aka kwashe da dariya, har da namu. Ustaz ya yi mini alama da hannu in fito, bai ko dube ni ba.

Daga benci na kalli sauran. Mun ci su da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma kusan duk abin da aka saka bayan fitata ta hannunsa ya bi. Da aka busa tashi ɗalibai suka ɗaga shi sama, waɗanda ke dariyar Larabcinsa su ne a gaba. Mutanen Misfala da suka zo domina suka rufe shi suna sa masa albarka da Hausa, shi ma ai namu ne. Ustaz ya rungume shi ya sumbaci kansa. Ni na saɓa jallabiyata a kan kayan wasa na fita ta ƙofar baya.

Babana ya cim mini a hanya. Muka yi tafiya mai tsawo, shi a gaba kaɗan, hannuwansa a baya. Sai da muka kusa layinmu ya tsaya ya gyara takalminsa, ya ce ba tare da ya ɗago ba:

"Na ji yaron nan yana kiranka. Daga inda nake na ji shi. Kai ba ka ji ba?"

Na ce, "Na ji, Baba."

Ya ce, "To."

Bai ƙara ba, ran nan ko bayanta. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na yi mako uku ban taka fili ba. Aji ma sai na ga dama. Wata safiya na fito da littattafaina kamar zan tafi makaranta, na wuce tasha na hau motar Jidda, da niyyar in nemi hanyar zuwa gabas. Na isa na tarar da layin masu neman aiki ya zagaye ginin da kamfanin mai ke ɗaukar ma'aikata, na tsaya a ciki har rana ta take, da na kusa ƙofa sai na fice daga layin ba wanda ya ce mini komai. Na gangara bakin teku na zauna, na tashi, na bi kasuwa, na koma bakin teku. Ban san abin da nake nema ba. Kafin La'asar na hau wata motar na dawo Makka, ƙura har cikin kunne. A gida ba wanda ya san na je ko'ina.

Bayan kwana biyu ina tsare wa babana shago ya tafi salla, sai ga Basakkwacen. Ya yi sallama ya zauna kan buhun darduma kamar ya saba zuwa. Ya ɗauki carbi yana dubawa, ya tambayi ko na itacen zaitun ne. Sannan ya ce mi ya hana ni zuwa fili. Na ce ba ni da amfani a can, shi ma ya sani. Bai musa ba. Ya ce shi dai abin da ya sani, tun da na daina zuwa ba su da wanda za su gwada tsaron dogo da shi, kuma baɗi 'yan Jidda za su dawo da nasu. Ya ce ko tsayawa kawai na yi na ɗaga hannu, aiki ne. Na jira ya tayar da maganar ranar wasa, bai tayar ba. Ni ne na ce masa, da Hausa, na ji kiran da ya yi mini. Ya ce ya sani. Ya ajiye carbin ya ce in gaida mutanen gida.

Na koma. Ba zan ce na zama gwani ba, don ban zama ba. Idon ya daina rufewa bayan wasu Juma'o'i a Tandabawi, amma ƙafafun ba su taɓa koyo ba, kuma har na bar wasan ban iya jingina da mutum ba tare da na ji kamar in ba shi haƙuri ba. Na ƙare shekarar a benci, ina tashi in an gaji. A gahawa aka daina tambayata, aka koma tambayar labarin yaron Tandabawi, ni nake ba su. Ustaz ya riƙa gaishe ni da ladabi irin wanda ake yi wa mutumin da aka yi wa alkawari ba a cika ba. Ina jin shi ma kunyata yake ji. A shekara ta biyu wani dogon ya shigo, ɗan Ɗa'ifa, wanda ya taɓa wasan a can, sai na ajiye wasan, ba wanda ya ce don me.

Basakkwacen ya yi wasa har muka gama. Ni aka ba ni aji a wata firamare a nan Makka, ina koyar da lissafi, a nan na tsufa. Shi aka tura shi wani ƙauye can kudu, cikin duwatsu, kwana biyu a mota. Mun yi sallama a tasha, ya ce in riƙa leƙa mahaifiyarsa, na kuwa riƙa zuwa har suka tashi daga Tandabawi.

Wasiƙa ɗaya ya taɓa aiko mini, bayan kamar shekara guda. Ya ce yara sun fi arba'in, ya sa an kafa musu zobe a jikin bangon makaranta, ya samu ƙwallo na gaske, amma iskarsa ta fita, kuma duk yankin ba allurar da ake hura masa iska. Ya ce in nemo masa biyu. Na zaga kasuwa uku ban samu ba, sai a wajen wani mai gyaran keke a unguwar Jarwal, ita ma guda ɗaya. Na naɗe ta a takarda na sa a kwalin ashana, na ba wani direban babbar mota da ya ce yana bi ta wajen. Amsa ba ta zo ba. Na rubuta masa sau biyu, na tambayi direban da na sake ganinsa, ya ce ya ba wani mai shago a bakin hanya ya miƙa.